SHARHI: Gubar dalma, ciwon da ya rasa gurbi a rajistar asibitocinmu

A shekarar 2000 aka wallafa sakamakon wani bincike da likitoci suka gudanar a garin Jos. Sun ɗebi jinin yara 218, 'yan wata 6 zuwa wata 35, suka auna yawan dalmar da ke ciki. Kashi 70 cikin ɗari na yaran sun haura maikirogiram 10 a kowace desilita ta jini, wanda shi ne ma'aunin damuwa a wancan lokaci. Bayan shekara biyar wasu daga cikin masu binciken, har da Dakta Tom Thacher wanda ya daɗe yana aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, suka sake fitar da wani nazari a kan inda dalmar ke fitowa. Abubuwan da suka gano suna tafiya da hauhawarta sun haɗa da fentin gida da ke ɓarewa, zama kusa da mai sayar da fetur, da kuma tozalin da ake yi da dutsen dalma.

Kwata na ƙarni ke nan da fitowar binciken farko. A tsakanin nan an daina zuba dalma a fetur a Nijeriya, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai ma'aunin ma ya sauya. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauko da shi zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar lahani. To ina yaran Jos suka tsaya a yau? Jami'in da ya zauna a Abuja ya buɗe rumbun bayanan lafiya na ƙasa yana neman amsa zai sha wahala, domin auna dalma ba ya cikin abin da ake yi wa yaro a cibiyar lafiya matakin farko, abin da ba a auna ba kuwa ba ya shiga rahoton wata.

Mu ɗauki Kabong a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, unguwa mai cunkoso da ta haɗa Gada Biyu da mashigar hanyar Rukuba. Tana da abin da kowace babbar unguwa ke da shi a biranenmu: garejin makanikai, masu gyaran batir, masu walda, masu sayen tsofaffin ƙarafa, da gidajen haya da suka sha fenti bisa fenti. Ba a ce Kabong ta fi wata unguwa haɗari ba. An kawo ta ne domin irin ta ce ma'aunin gaskiya. Idan uwa ta kai ɗanta asibiti a nan, yaron ya yi fari fat, ba ya cin abinci, yana yawan kukan ciki, magana ta yi masa nauyi, me za a rubuta a katinsa? Ƙarancin jini, tsutsar ciki, ko zazzaɓin cizon sauro. Kowanne daga cikinsu yana iya zama gaskiya, kuma kowanne yana da layinsa a rajista, yana da magani a kanti. Wanda ya rubuta bai yi laifi ba. Takardar da ke gabansa ce ba ta tambaye shi sana'ar uban yaron ba, ba ta kuma tambaye shi abin da ake sa wa yaron a ido ba.

Mun riga mun ga inda wannan ke kaiwa idan ya yi tsanani. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido a kan sanƙarau suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaran suna amai, suna jijjiga, suna suma. An ba su maganin zazzaɓi, an ba su na sanƙarau, ba su tashi ba. Sai da aka aika jini Turai aka gane dalma ce, daga dutsen zinare da ake daka wa a niƙa a tsakar gida. Binciken da CDC ta jagoranta a ƙauyuka biyu ya nuna cewa ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka auna sun kai maikirogiram 45 ko fiye, wato matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma daga jiki. Mazauna sun ce agwaginsu ne suka fara mutuwa kafin yara. Babu takardar da ke da gurbin rubuta wannan. Aƙalla yara 400 aka yi ƙiyasin sun rasu, kuma kalmar "ƙiyasi" tana da nauyi a nan, domin an haɗa adadin ne daga bakin iyaye da ƙidayar kaburbura, ba daga takardun shaidar mutuwa ba.

A 2015 abin ya maimaita kansa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu a yankin Shikira. Wannan karon an gane da wuri fiye da na Zamfara, amma dai gawa ce ta ba da sanarwa.

Darasin da aka fi ɗauka daga waɗannan musibu shi ne na kuɗi da na kayan aiki, kuma da gaskiya. Kowa ya tuna yadda Bagega ta jira daga alkawarin Naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2012 har zuwa farkon 2013 kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, alhali likitoci ba za su iya fara magani ba sai an kwashe, don kada yaro ya warke ya koma cikin gubar. Amma akwai darasin da ya fi wannan araha, kuma shi aka fi sakaci da shi: yadda ake rubuta abin da aka gani.

Duniya tana da kundin rarrabe cututtuka da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da shi, wanda ake kira ICD. Bugu na goma ne manyan asibitocinmu suka saba da shi, na sha ɗaya kuma ya fara aiki a hukumance a watan Janairun 2022. A wannan kundi kowace cuta tana da lambarta. Idan likita ya gama rubutu, jami'in adana bayanan lafiya, wanda mutane suka fi sani da "mai kati", shi ke karanta fayil ya fassara shi zuwa lamba, lambar ce kuma ke tafiya sama ta zama alƙaluma. A bugu na goma, gubar dalma tana ƙarƙashin T56.0. Idan gwaji ya nuna ƙarfe mai nauyi ya yi yawa a jini ba tare da an tabbatar da ciwo ba, akwai R78.7. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa B50.0 ne. Jijjiga da ba a san musabbabinta ba tana faɗawa cikin rukunin R56.

Mai kati ba ya ƙirƙirar cuta. Ƙa'idar aikinsa ita ce ya ba da lamba ga abin da likita ya rubuta kawai. Idan likita ya rubuta "jijjiga, ana zargin zazzaɓi", to ko da yaron ɗan mai narka batir ne, lambar da za ta tafi Abuja ta zazzaɓi ce ko ta jijjiga. Daga nan sai adadin zazzaɓi ya ƙaru da ɗaya, a ƙara sayen gidan sauro, adadin dalma kuwa ya ci gaba da zama sifili. Jami'in kasafi da ya kalli sifili ya ƙi ware masa kuɗi, ya yi aikinsa daidai. Haka matsalar ke ciyar da kanta: babu gwaji saboda babu alƙaluma, babu alƙaluma saboda babu gwaji.

Amurkawa sun faɗaɗa nasu kundin har suka raba al'amarin gida-gida. Suna da lamba ga yaron da aka kawo don tantancewa kawai, Z13.88. Suna da wata ga wanda ake zargin ya cuɗanya da dalma, Z77.011, da wata ga wanda jininsa ya nuna hauhawa, R78.71, sannan ta gubar kanta. Shirin inshorar marasa ƙarfi na ƙasar, Medicaid, ya wajabta a auna yaro yana wata 12 da kuma yana wata 24. Wannan rarrabewa tana da hikima, domin tambayoyi huɗu ne mabambanta. Jihar da ta auna yara dubu goma ta samu ɗari biyu, da jihar da ta auna ɗari biyu ta samu ɗari biyu, a takarda adadinsu ɗaya ne idan masu ciwo kaɗai ake ƙirgawa. Ta farko tana da matsala, ta biyu tana cikin annoba. Ba za a bambance su ba sai an rubuta har yaron da aka auna aka same shi lafiya.

Sai dai a yi hattara da kwafo tsarin Amurka ɗungurungum, kamar yadda masu ba da shawara na kwangila suka saba kawo mana. A can lambar tana rayuwa ne saboda kuɗi: asibitin da bai sa lamba ba, inshora ba za ta biya shi ba. A nan kuwa, duk ma'aikacin tarayya da ya taɓa zama a benci yana jiran lambar izini daga kamfanin inshora kafin a yi masa gwaji ya san yadda namu tsarin yake. A matakin farko ana biyan asibiti ne bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi, ko sun zo ko ba su zo ba, don haka ƙarin rubutu ba ya ƙara masa ko kwabo. Mafi yawan iyaye a Kabong ma ba su cikin inshorar, daga aljihu suke biya. Wato a wurinmu ba takardar neman kuɗi ce za ta ɗauki wannan bayani ba. Rajistar marasa lafiya ce, da katin yaro da uwa ke riƙe da shi, da fom ɗin taƙaita rahoton wata da ake shigarwa manhajar DHIS2. An gina waɗannan takardu ne a kan cututtukan da suka fi kashe yaranmu, zazzaɓi da gudawa da ciwon huhu da ƙyanda, kuma babu mai hankalin da zai ce an yi kuskure. Amma duk abin da bai samu layi ba, yana ƙarewa ne a ƙarƙashin "sauransu".

Lamba ita kaɗai ma ba ta wadatar. Rubutun da ya ce "an samu dalma" bai gaya wa likita na gaba komai ba. Dole a ga adadin, domin abin da za a yi wa yaro mai 6 daban yake da na mai 50. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce daga 5 a nemo tushen dalmar a raba yaro da shi, daga 45 kuma a duba ba da maganin fitar da ita. Dole a ga ranar gwaji, saboda dalma ba ta daɗewa a jini, cikin kimanin wata guda rabinta ke barin sa, ta koma ƙashi inda take zama shekaru. Sakamakon da ba shi da kwanan wata ba za a iya kwatanta shi da na gaba ba, alhali kwatancen ne ke nuna ko yaron na ci gaba da haɗiyar gubar. Dole kuma a ga daga ina aka ɗebi jinin. Na yatsa yana iya gurɓata da ƙurar da ke hannun yaro ya nuna adadi mai yawa na ƙarya, shi ya sa ake tabbatar da shi da na jijiya.

Har sunan na'urar yana da muhimmanci. Ƙaramar na'urar da aka fi ɗauka zuwa karkara, LeadCare II, ba ta iya karanta abin da ya wuce 65. A Zamfara yara da yawa sun wuce nan, na'urar sai dai ta nuna cewa ya yi yawa, har sai da aka koma tsarma jinin kafin a samu adadi. A 2021 kuma an janye wasu rukunan kayan gwajin wannan na'ura a Amurka saboda suna ba da sakamako ƙasa da na gaskiya. Asibitin da ya rubuta lambar rukunin da ya yi amfani da shi ya iya kiran yaran a sake aunawa. Wanda bai rubuta ba, sai dai ya yi shiru.

Abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga takarda shi ne wanda likitoci suka fi raina wa: tushen da ake zargi, da unguwar da yaron ke kwana. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, a birnin Boston, wanda aka samu maikirogiram 13 a jininsa. Da aka bi diddigi sai aka tarar da tozalin da ake sa masa, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Rahoton har ya ambaci sunayensa na Hausa, tozali da kwalli. Abin lura shi ne, kwalbar ta fito daga nan, amma can aka rubuta labarinta. A ƙasar Jojiya, binciken gida-gida da aka yi tare da UNICEF a 2018 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na yara sun kai 5 ko fiye. Da aka dubi yankunan da abin ya fi yawa, aka bi sawu har zuwa kayan yaji da ake ƙara wa launi da sinadarin dalma, aka ɗauki mataki, adadin ya sauka. Ba asibiti aka gina ba. Taswira aka samu.

Filato tana da dalilinta na musamman na son irin wannan taswira. Kuza ce ta yi wa Jos suna, amma a Zurak ta Ƙaramar Hukumar Wase dalma da tutiya ake haƙa, kuma ma'adinai ba sa tsayawa a bakin rami. Suna bin buhu da tufafi da takalmi zuwa gida da kasuwa. Ban da haka, a Jos ɗin ne aka yi binciken da ya shahara a 1999 wanda ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ke lanƙwasa ƙafafun yara da yawa a nan. Jikin da ya rasa kalsiyam da sinadarin ƙarfe ya fi zuƙar dalma, yaro kuma yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa daga abin da ya haɗiya. Lokacin da Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar a farkon 2025, maganar tsaro da ta yara masu barin makaranta ce ta fi fitowa. Haka ma da Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙa a Zamfara a watan Disambar 2024, lissafin tsaro da na kuɗin shiga aka yi ta yi. MSF kuwa ta riga ta miƙa shirinta na dalma ga gwamnatin jihar tun 2022, bayan ta auna yara fiye da 8,000. Wannan shi ne mafi girman tarin bayanan dalma a jinin yara da aka taɓa haɗawa a Arewa, kuma ƙungiyar waje ce ta haɗa shi.

Akwai masu cewa duk wannan gaggawa ce, wai ana maganar lamba da layi a ƙasar da cibiya ɗaya ke da ma'aikaciya ɗaya, rajista biyar ko shida a gabanta, ga layin mata har waje. Ƙorafin yana da tushe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake cika fom a ƙarshen wata ya san ƙarin gurbi ba ya nufin ƙarin gaskiya. Kuma auna kowane yaro a ƙasar da ake haihuwar miliyoyi a shekara ba abu ne da kasafin lafiya zai ɗauka yanzu ba. Amma tambaya ba ta buƙatar na'ura. Ko akwai mai aikin batir, walda, fenti ko ma'adinai a gidan, ko ana daka dutse ko narka ƙarfe a kusa, ko ana sa wa yaron tozali: tambayoyi ne na rabin minti, kuma akwai ranar da ta dace da su, ranar allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15, daidai lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Wanda amsarsa ta zama "e" shi za a tura gwaji. Da haka ne za a san inda ya kamata a ajiye na'ura ta farko, maimakon a saye su a raba wa jihohi daidai wa daida su lalace a sito.

Wani haɗarin da ba a cika faɗa ba shi ne na amana. Ranar da makanike ya ji cewa amsar da matarsa ta bayar a asibiti ce ta jawo aka rufe masa gareji, daga ranar babu matar da za ta sake faɗin gaskiya a unguwar. A gari irin Jos kuma, inda ƙaramar magana ke iya ɗaukar launin ƙabila ko addini, bayanin da ya ce unguwa kaza ko al'ada kaza ce ta fi dalma yana buƙatar hannu mai sanyi. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta sanya bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Abin da ya kamata ya hau sama shi ne adadi da mazaɓa, sunan yaro da lambar gida su tsaya a fayil ɗinsa.

Aikin ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya shi ke da alhakin fom-fom ɗin bayanan lafiya na ƙasa, kuma ana sabunta su lokaci zuwa lokaci, Majalisar Lafiya ta Ƙasa kuma ita ce dandalin da jihohi ke amincewa da irin wannan sauyi. Hukumar kula da lafiya matakin farko ce ke da katin yaro. NCDC, wadda dokar 2018 ta kafa da ƙafafunta, ita ke karɓar rahoton abin da ya wajaba a sanar, kuma tana iya buƙatar duk ɗakin gwaji, na gwamnati da na kuɗi, ya aiko mata da kowane sakamakon dalma, mai yawa da maras yawa. Hukumar rajistar jami'an adana bayanan lafiya ce ke da horar da masu kati, musamman yanzu da ake shirin ƙaura zuwa bugu na sha ɗaya, lokacin da ko ta yaya za a sake koya wa kowa lambobi. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa kuma ita za ta ce ko gwajin yana cikin abin da take biya.

Yaran nan 218 da aka auna a Jos yanzu sun doshi shekara talatin. Mata daga cikinsu suna haihuwa, kuma dalmar da ta kwanta a ƙashi tana sake fitowa cikin jini a lokacin goyon ciki, ta ratsa mabiyiya zuwa ga ɗan tayi. Wasunsu ƙila suna zuwa awo a cibiyoyin da ke kewayen Gada Biyu. Katin awon da ke hannunsu yana da gurbin hawan jini, da na rukunin jini, da na allurar tetanus.